Shin 'yan Hindu Allah ɗaya suka sani ko alloli da yawa?

Maman_Sadik
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai tambayar da ta tsaya mini a rai tun da muka dawo daga Indiya. Wata biyu muka yi a Chennai ina jinyar mahaifiyata, an yi mata aikin gwiwa. Direban da ke kai mu asibiti yana da ɗan gunki mai kan giwa a gaban motarsa, kullum da safe sai ya sa masa sabon fure, ya taɓa shi ya shafa a ido kafin ya tada mota. Akwai kuma wata ma'aikaciyar jinya da ta riƙe mu tamkar 'yan uwanta, ita ma 'yar Hindu ce, ba ta rabuwa da ɗigon ja a goshi. Ranar da za a shiga da Hajiya ɗakin tiyata ina ta kuka, sai matar nan ta dafa ni, ta nuna sama ta ce in yi haƙuri, Ubangiji ɗaya ne, shi zai tashi kafaɗunta. Wallahi na kasa ce mata komai. Ni tun ina ƙarama abin da na sani shi ne masu bautar gumaka da saniya ne. To wane ne ɗayan da take nufi? Don Allah masu sani ku warware mini, ba rigima nake nema ba.

DanFagge77
Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya, ya sa kaffara ne. Maman Sadik ai wannan a fili yake. Mu da muka tashi da kallon finafinan Indiya mun ga komai: wani mai hannu huɗu, wani mai kan giwa, wani biri, wata mace a kan zaki. Na ma ji an ce allolinsu miliyan 330 ne. Matar nan ta ga ke Musulma ce, ta faɗa miki abin da zai sanyaya miki zuciya.

Injiniya_Bashir
DanFagge ban yarda daɗin baki ta yi mata ba. Shekara huɗu na yi ina karatu a Bangalore, biyu daga ciki ɗaki ɗaya muke kwana da wani ɗan Hindu, kuma maganar nan na ji ta a bakinsu ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. A wajen masu karatunsu akwai abin da suke kira Brahman: shi ne asalin komai, ba shi da farko ba shi da ƙarshe, ba shi da siffa, ba namiji ba ne kuma ba mace ba. Waɗanda kake gani a fim, a fahimtarsu, fuskoki ne da wannan ɗayan ke bayyana da su. Abokin nawa yakan ce mini rana ɗaya ce a sama, amma in ka jera ƙwarya goma cike da ruwa za ka ga rana goma. A cikin Rig Beda, littafinsu mafi tsufa, akwai baitin da ke cewa gaskiya ɗaya ce, masu hikima ne ke kiranta da sunaye daban-daban.

Cibiyar bincike ta Pew ta Amurka ta fitar da wani nazari a 2021 bayan ta tambayi mutum kusan dubu 30 a Indiya. A cikin 'yan Hindu, kashi 61 cikin 100 sun ce Ubangiji ɗaya ne mai bayyana ta siffofi da yawa, kashi 29 sun ce ɗaya ne kawai, kashi 7 ne suka ce alloli da yawa ne.

Sai a kiyaye sunaye uku da ke rikita mutane. Brahman shi ne wanda na faɗa. Brahma kuma shi ne suke ɗauka mai halitta, tare da Bishnu mai kiyayewa da Shiba mai rushewa domin a sabunta. Brahmin kuwa mutum ne, ɗan zuriyar malamai. Shi Brahma ɗin ma kusan ba a bauta masa, ɗakunan bautarsa ƙalilan ne, wanda aka fi sani yana Pushkar a jihar Rajasthan. Yawancin jama'a ko dai Bishnu suke bi ta hanyar Rama da Kirishna, ko Shiba, ko kuma Debi wadda suke kira Uwa, kuma kowane ɓangare yana ganin nasa ne maɗaukaki. Na direbanki mai kan giwa sunansa Ganesha, shi suke roƙo ya kawar da cikas kafin a fara tafiya ko sana'a.

Malam_Auwal_Zazzau
Injiniya Allah ya saka. Abin da ka faɗa malamanmu na da can sun riga sun rubuta shi. Abu Raihan al-Biruni ya koyi harshen Sanskirit, ya zauna da malamansu, ya gama littafinsa kan ƙasar Hindu wajen shekarar 1030 miladiyya. Ya ce masu iliminsu sun yarda Ubangiji ɗaya ne, dawwamamme, gumaka kuma na gama-garin mutane ne da hankalinsu bai kama abin da ido bai gani ba. Amma mu lura, 'yan uwa: yarda da Ubangiji ɗaya a sama bai isa tauhidi ba. Kuraishawa ma sun san Allah ne ya halicci sammai da ƙasa. Suratuz Zumar aya ta 3 ta kawo uzurinsu, cewa ba sa bauta wa gumakan sai don su kusantar da su ga Allah. Wanda ya sa wa gunki fure ya roƙe shi, a ma'aunin Musulunci shirka ya yi, ko me zuciyarsa ke nufi. Wannan hukunci ne a kan aikin, ba zagi ba ne, don Suratul An'am aya ta 108 ta hana mu zagin abin da suke kira.

Injiniya_Bashir
Malam ranka ya daɗe, ban ja da hukuncin ba. Inda nake ganin kwatancen bai zauna daidai ba shi ne nan: Kuraishawa sun ɗauki gumakansu masu ceto ne da ke tsakaninsu da Allah. Mabiya Shankara kuwa, malamin da ya rayu wajen ƙarni na 8, cewa suke babu wani abu da ke akwai na haƙiƙa sai Brahman, har ran da ke cikin mutum, wanda suke kira atman, shi ne Brahman ɗin. Ka ga nan ba maganar mai ceto ake ba, maganar rushe iyaka ce tsakanin mahalicci da abin halitta. Su kansu ba su haɗu a kan haka ba. Ramanuja ya ce rai yana jingine da Ubangiji amma bai narke a cikinsa ba, Madhwa kuma a ƙarni na 13 ya ce Ubangiji daban, bawa daban, har abada.

Malam_Auwal_Zazzau
To wannan ya fi kama da wahdatul wujud, wato cewa babu wani samamme na haƙiƙa sai Allah, da malamai suka daɗe suna kai ruwa rana a kanta. Na karɓi gyaran. Ta wani fannin ma nisan ya ƙaru ke nan.

Hafsatu_Gusau
Ni fa tsoro nake ji. Meye amfanin zurfafa bincike a addinin da ba namu ba? Yara suna karanta abin da ake rubutawa a nan.

Malama_Binta
Hafsatu ƙanwata, yaran nan su ne muke turawa Indiya karatun likitanci da harhaɗa magunguna, iyayenmu kuma can muke kai su jinya. Gara su tafi da sani. Ɗan yayata a makonsa na farko maƙwabcinsa ya kawo masa alewa, ya karɓa ya ci, daga baya ya gano abin da suke kira prasad ne, wato abincin da aka fara miƙa wa gunki sannan a raba wa jama'a. Kwana biyu bai yi barci ba don damuwa. Da ya sani da ya ba shi haƙuri cikin mutunci, ba wanda ya ɓata wa wani rai.

Ardon_Mubi
Ni maganar saniya nake son a fayyace mini. Mu da muka tashi a cikin shanu mun san darajarta, amma bauta?

Sani_Kerala
Ardo, yawancin waɗanda na zauna da su ba sa cewa saniya Ubangiji ce. Uwa suke kiranta, wai wadda ta shayar da kai nono ba ka sa mata wuƙa. Sanuwarta ke haifar bijimin huɗa, kashinta makamashi ne da taki, man shanunta shi ake zubawa a fitilar ɗakin bauta. Kirishna ma a labarinsu cikin makiyaya ya tashi. Amma kada in ɓoye, akwai ranakun da ake yi mata ado da fure, a shafa mata jan gari a goshi, a sunkuya a gabanta. Sai kowa ya auna da kansa.

Abin da nake son gyarawa shi ne zaton dukkansu ba sa cin nama. A Kerala inda na yi shekara uku, naman sa da gurasarsu ta parotta abincin gefen titi ne, kuma na ga 'yan Hindu suna ci. A Bengal kifi ne cimarsu. Binciken da Injiniya ya ambata ya nuna kashi 44 ne cikin 100 na 'yan Hindu suka ce ba sa cin nama sam. A jihohi kamar Gujarat da Uttar Pradesh kuwa yanka saniya laifi ne da ake ɗaure mutum a kai.

Ardon_Mubi
Na gane. Batun nono da uwa bai yi mini nisa ba, kakata ba ta taɓa yarda a yanka saniyar da ta shayar da gidanmu ba, sai dai a sayar. Sunkuyawar ce ban iya ba.

Talatu_Jos
Ni Kirista ce, ina bin muhawarar da sha'awa. A ganina kun tsaya kan ƙidayar alloli, alhali babban bambancinmu da su, mu da ku baki ɗaya, yana wajen mutuwa. Mu mun yarda sau ɗaya ake rayuwa, a mutu, a tashi, a yi hisabi. Su kuwa sun ce rai yana fita daga wannan jiki ya shiga wani, kamar mai tuɓe tsohuwar riga ya sa sabuwa, wannan misalin yana cikin littafinsu Bagabad Gita. Zagayen nan suna kiransa samsara. Abin da ka aikata, wato karma, shi ke yanke irin haihuwar da za ka samu a gaba. Burinsu na ƙarshe kuma ba aljanna ba ce, domin ko aljannar a wajensu in ladanka ya ƙare za ka dawo. Burin shi ne moksha, kuɓuta daga zagayen gaba ɗaya.

Malam_Auwal_Zazzau
Talatu kin taɓo jijiyar. Biruni ya ce kamar yadda kalmar shahada take alamar Musulmi, Triniti alamar Kirista, Asabar alamar Yahudawa, haka tanasuhi, wato yawon rai daga jiki zuwa jiki, yake alamar addinin Hindu.

Zinder_Abdou
Karma ai mu ma muna da ita: alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi. Abin da ka shuka shi za ka girba. Dawowar rai kuma ta tuna mini da ɗan wabi da tsofaffinmu ke faɗa, yaron da ke mutuwa yana dawowa cikin uwa ɗaya.

Talatu_Jos
Abdou akwai kama amma ba ɗaya ba ne. In Bahaushe ya ce alhaki kwikwiyo, yana nufin Allah ne zai saka, kuma akwai tuba da gafara. A wasu mazhabobinsu karma tana aiki ne da kanta, kamar yadda wuta ke ƙona wanda ya taɓa ta, kuma girbin yana iya kaiwa rayuwa ta gaba. Masu bin hanyar bakti, wato ƙauna da miƙa wuya ga abin bauta, su ne ke cewa rahamarsa tana iya yanke igiyar. Wabi kuma camfi ne a kan wasu yara, ba a ce kowane mai rai haka yake ba.

Kwamared_Isa
Duk wannan falsafar mai daɗin ji ce, amma ku faɗi abin da ta haifar a ƙasa. In aka ce halin da aka haife ka a ciki sakamakon aikinka ne na rayuwar baya, to an ba azzalumi hujja. An raba mutane gida huɗu: Brahmin malamai, Kshatriya sarakuna da mayaƙa, Baishya 'yan kasuwa da manoma, Shudra masu hidima. A ƙarƙashinsu kuma akwai Dalit, waɗanda aka ce ko taɓa su ƙazanta ne, su ne masu kwashe bahaya da jima da ɗaukar mushe, an hana su rijiyar gari da ɗakin bauta. Dakta Ambedkar, wanda ya jagoranci rubuta tsarin mulkin Indiya, Dalit ne. Sashe na 17 na tsarin mulkin da ya fara aiki a 1950 ya haramta wannan ƙyama, amma shi kansa ya yanke ƙauna, a 1956 a Nagpur ya koma addinin Buddha tare da dubban ɗaruruwan mabiyansa. Mutum ba ya barin gidan ubansa haka kawai.

Injiniya_Bashir
Kwamared gaskiya ka faɗa, kuma abin bai mutu ba. A shafukan neman aure na jaridunsu na ga ana rubuta zuriyar da ake so ƙarara. Abin da ke aiki a rayuwar yau da kullum ma ba gida huɗun ba ne, jati ne, ƙananan rukunoni dubbai da ke bin sana'ar gado. Sai dai a yi adalci, daga cikin addinin aka samu masu yaƙar abin. Wani malaminsu mai suna Basawa a Karnataka tun ƙarni na 12 ya ƙi wannan rabe-rabe. Kuma Dalit biyu sun zama shugaban ƙasa, Narayanan a 1997 da Kovind a 2017.

Malama_Binta
Kafin mu nuna su da yatsa mu dubi gida. Gidaje nawa ne a ƙasar Hausa har gobe ba za su ba ɗan mahauta ko ɗan maroƙa 'yarsu ba, ko da ya haddace Alƙur'ani? Addininmu bai ce haka ba, amma muna yi.

Kwamared_Isa
Malama na yarda muna da namu ciwon, amma ba wanda ya hana mahauci shiga sahu a masallaci ko shan ruwa a randar gari. Kada mu daidaita su.

Abu_Mujahid
Kuna ta yaba musu, kun manta da masallacin Babri da suka rushe ranar 6 ga Disamba 1992? Kun manta da kisan Musulmi a rikicin Gujarat na 2002? Har yau ana kashe Musulmi a kan zargin safarar shanu.

Sani_Kerala
Abu Mujahid ba wanda ya manta, kuma abin yana ci mana rai. Kotun ƙolin Indiya ta ba 'yan Hindu filin masallacin a 2019, an buɗe ɗakin bautar Rama a wurin a Janairun 2024. Amma a raba addinin Hindu da Hindutwa, aƙidar siyasa da Sabarkar ya tsara a littafinsa na 1923. Gandhi ɗan Hindu ne mai riƙo da addininsa, kuma mai wannan aƙida ne ya harbe shi ranar 30 ga Janairu 1948 saboda yana ganin ya cika sassauci ga Musulmi. Mu da ake shafa mana kashin kaji saboda aikin wasu tsiraru, mun fi kowa sanin zafin a yi wa mutane kuɗin goro. Ana maganar 'yan Hindu miliyan 966 ne a ƙidayar Indiya ta 2011.

Mai_Kula_Da_Zaure
Jama'a a dawo kan tambayar Maman Sadik. Mai son maganar siyasar Indiya ya buɗe nasa zaren.

Baba_Nima
Gaisuwa daga Ankara ta Gana. Ku da kuke ganin sai an je Indiya, a nan Odorkor akwai gidan ibadar Hindu na baƙaƙen fata 'yan Gana, wanda Swami Ghanananda ya jagoranta daga 1975 har rasuwarsa a 2016. Na yi aikin gini da wani mai zuwa can. Na tambaye shi irin tambayar nan, ya ce mini hoton mahaifinka ba mahaifinka ba ne, amma ba ka yarda a taka shi. Na ce masa ni ba na roƙon hoton. Muka yi shiru, muka ci gaba da aiki.

Injiniya_Bashir
Baba, amsar abokin aikinka ta masu sassauci ce. Da yawa ba su tsaya a hoto ba. Akwai bikin da suke yi in an sassaƙa sabon gunki, wai ana shigar masa da numfashi, daga ranar ana tashinsa da asuba, a yi masa wanka, a sa masa tufafi, a kai masa abinci, a kaɗa ƙararrawa a zagaya fitila a gabansa. Zuwa ɗakin bauta ma suna kiransa darshan, wato ka gan shi shi ma ya gan ka. A gefe guda kuma ƙungiyar Arya Samaj da Dayananda ya kafa a Bombay a 1875 ta ce bautar gumaka ba ta cikin Beda, littattafansu na asali, mabiyanta ba sa ajiye ko ɗaya. Duka biyun 'yan Hindu ne. Addinin ba shi da wanda ya kafa shi, ba shi da littafi guda da ya ɗaure kowa, ba shi da shugaba ɗaya. Ko sunan ma baƙi ne suka raɗa, Farisawa ne suka kira mutanen hayin kogin Sindhu da Hindu.

DanFagge77
To Injiniya kai da kanka ka dawo kan maganata. In ana yi wa abu wanka ana ba shi abinci, ina ɗayantakar take?

Maman_Sadik
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Jiya na yi ƙarfin hali na tura wa matar saƙo, bayan na ba ta labarin Hajiya ta fara takawa ba sanda, na tambaye ta wa take nufi ranar nan. Ta ce a gidansu Murugan suke bauta wa, ɗan Shiba, ɗan'uwan Ganesha, shi ne na mutanen Tamil, kuma kowace shekara suna hawa dutsen Palani ziyara. Amma ta ce wanda ta nuna mini a sama shi ne wanda nake kira Allah, ita ta ƙofar Murugan take zuwa gare shi, ni ta tawa ƙofar. Har ta ce lokacin da ɗanta ya yi rashin lafiya ta je hubbaren waliyyin Musulmi da ke Nagore ta yi roƙo. Na ce mata mu a wajenmu ba a shiga ta ƙofar kowa, kai tsaye ake roƙonsa. Ta ce ta sani, majinyata Musulmi da yawa sun faɗa mata, kuma tana gaida Hajiya.

Malam_Auwal_Zazzau
Maman Sadik kin ji kalmar ƙofa da ta yi amfani da ita? Ita ce maganar Suratuz Zumar da na kawo tun farko. Ki ci gaba da kyautata mata, ki yi mata addu'ar shiriya.

Injiniya_Bashir
Malam, ita kam maganarta ta fi kusa da abin da ka ce, na yarda. Abokin ɗakina da zai ji ta, cewa zai yi babu ƙofa babu ɗaki, mai shiga da wanda ake nema abu guda ne. Maman Sadik in kun sake magana ki tambaye ta ko ta yarda za ta sake dawowa duniya bayan ta mutu, don a binciken nan na Pew kashi 40 ne kacal cikin 100 na 'yan Hindu suka ce sun yarda da hakan, ina son jin ɓangaren da take.